Wai ina labarin Kingsway ne?

Ɗan Ringim: Salam jama'a. Don Allah wa ya san tarihin kantin Kingsway? Kakanmu kullum in ana hira a dandali sai ya kawo zancensa, wai da in sun kai gyaɗa Kano sai sun je sun leƙa ko ba su sayi komai ba. Na waye, kuma me ya kashe shi?

Malam na Gezawa: Wa alaikumus salam ɗana. Na kamfanin Turawa ne mai suna UAC, wato United Africa Company, wanda aka kafa a 1929, su ne dai manyan masu sayen gyaɗar tamu. A Najeriya dai a Legas suka fara buɗe Kingsway a 1948 sannan rassa suka bazu har Arewa. Kaya daga Ingila, komai da kuɗinsa a jiki babu ciniki babu albarka, shi ya sa mu mutanen ƙauye muka fi sakewa a Kwari ko Kurmi, Kingsway kuwa sai turawa da manyan ma'aikata.

Hajiya Babba: Wallahi Malam ka tuna min, sanyin ciki kaɗai ya isa kallo, ga kantin Leventis ma haka.

Ɗan Ringim: To Baba me ya rufe shi?

Malam na Gezawa: Shigo da kaya ne ya gagara. Kuɗin mai ya faɗi, gwamnati ta matsa lasisin shigo da kaya, sai ga SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986 naira ta karye, kanta duk ta koma wayam.

Bature Kazaure: Gidan abincin Mr Bigg's ma ai daga wajen cin abincin Kingsway ya fito.