Tsohon lensin Helios zai hau Canon 600D?

Ɗan-Koyo: Salamu alaikum. Akwai Helios 44-2, 58mm f/2, na zamanin Tarayyar Sobiyet, gindinsa mai murɗawa kamar noti. Zai yi aiki a Canon 600D? Akwai kuma Canon FD 50mm, shi ma ya ƙi shiga, alhali kamfaninsu ɗaya.

Mai-Studiyo: Wa alaikumus salam. Helios zai hau, sai dai da adafta daga M42 (sunan gindin nan mai murɗawa) zuwa EF (bakin kyamarar Canon ɗinka), zoben ƙarfe kawai, babu gilashi a ciki. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa. Ta Canon EF milimita 44 ce, M42 kuma an ƙera shi a kan 45.46, don haka zobe mai kaurin kusan milimita ɗaya da rabi ya cike giɓin, fokas ya kai har alamar ∞, wato nesa iyaka. FD kuwa tasa 42 ce, ta gaza 44, ba inda za a cusa zobe. Adaftarsa, in ana son fokas ya kai nesa, sai mai gilashi, gilashin arha kuma yana dusashe hoto, musamman idan ƙofar hasken lensin tana buɗe duka. Ni dai ban ga ribarsa ba, ajiye shi sai ka samu kyamara marar madubi. Ka kuma sani sensar 600D ƙarama ce: ninka 58 sau 1.6, ya zama kamar 93mm. Na hoton fuska ne, ba na taron biki a ɗaki ba.

Gwani-Fokas: Ƙari a kan bayanin Malam. Kyamara ba ta san akwai lensi ba, za ta nuna F00, kada ka tsorata. Sa ta a Av, tsarin da kai ke saita ƙofar haske, ita ta zaɓi saurin ɗauka. Helios 44-2 zobe biyu gare shi a gaba: mai ƙas-ƙas ka tsayar a lambar da kake so, a ce f/5.6, ɗayan ka buɗe shi duka. Yi fokas da hasken nan, sannan ka juya shi ya rufe, ka danna. Idan ka fara rufewa, tagar leƙe ta yi duhu, fokas ya zama lalube. A f/2 kar ka yarda da ido: kunna Live View (kallo ta allon baya), ƙara girma sau 10 a kan ƙwayar idon mutum. Awon haske ma yakan kauce da an matse ƙofar, ka duba hoton farko ka gyara.

Bakanike: Kafin ka biya kuɗi, haska tocila ta bayan lensin. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo funfuna ce, danshin damina ke kawo ta, idan ta ci fuskar gilashi ba ta gogewa. Mai a kan ganyayyakin ƙofa yana sa su nauyi, amma a 44-2 da hannu ake rufewa, ba damuwa sosai. Masu Canon 5D su yi hattara, madubinta babba ne, yakan doki gindin wasu Helios idan fokas yana ∞. Masu Nikon kuma tasu tazarar 46.5 ce, M42 ba ya kai nesa sai da gilashi.

Ɗan-Koyo: Na gode, manya. Adafta mai cif (ɗan guntun lantarki da ke magana da kyamara) fa, ta cancanci ƙarin kuɗin?

Gwani-Fokas: Ƙarar tabbatar da fokas kawai za ta ba ka. Idan cif ɗin ya ɗan goce daga mazauninsa, kana iya ganin Err 01, saƙon kuskuren sadarwa tsakanin kyamara da lensi. Fara da marar cif.