Darussan "surutu" ko aikin hannu: ina za a kai yaro bayan aji uku?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Yarona ya gama ƙaramar sakandare, na ce a sa shi ɓangaren kimiyya da fasaha, sai ga takarda wai an jefa shi ajin at, zai yi Gwamnati da Tarihi da Adabin Turanci. Na je makarantar, wani malami ya ce makinsa na lissafi ne ya raba gardama. Yaron da ya kwance fankar ɗakin mahaifiyarsa da hannunsa, ya canja mata kafasito ta tashi! Kuma kun sani, wanda bai yi Fiziks da Kemistiri a babbar sakandare ba, JAMB ba za ta ba shi injiniyanci ba. Sun rufe masa ƙofa tun yana ɗan shekara 15. Waɗannan darussan surutu ne kawai, ba sa ciyar da kowa a Kanon yau.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Alhaji, amma ka janye kalmar surutu. Abin da muke ci da iyalinmu ke nan.

Oga Sola: Malam, ai bai yi ƙarya ba. Ka shiga Farm Centre ka ga yara masu gyaran waya, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka ga masu walda da kanikawa. Wa ya taɓa tambayarsu shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa kafin ya ba su aiki?

Malamin Tarihi: 1914 ne, tunda ka tambaya. Kuma Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ba ya walda. Da wannan abin da kuke kira surutu shi da 'yan NEPU suka wayar da kan talakan Kano tun daga 1950, har ya san yana da haƙƙi. An cire Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, sai zamanin Buhari aka dawo da shi. Ga sakamakon nan muna gani: yaro haifaffen cikin ganuwa, yana wucewa ta gaban Gidan Rumfa kullum, bai san waye Muhammadu Rumfa ba.

Barista: Ranar da 'yan sanda suka kama yaron shagonka, Oga, mai surutun za ka kira da tsakar dare. Lauya ba ta yiwuwa sai da kiredit a Adabin Turanci. Alƙali, ɗan jarida, jami'in mulki, duk daga wannan ajin suke fitowa. Ku kuma leburorinmu ne.

Oga Sola: Leburori?

Ɗan Fagge: Kai Barista, wannan ta fi surutu muni. Ka janye.

Barista: A fara janye ta farko.

Maman Ummi: Don Allah ku tsaya. Yaya, shi Khalifan an tambaye shi abin da yake so?

Injiniya (shugaban zaure): Barista, ka iya bakinka. Jihar nan ba da wasa ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977 ba. An duba ne aka ga ba mu da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Yau ka shiga Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare. Mu 'yan Dawakin Tofa mun san abin da muka sha kafin mu ci jarrabawar shiga.

Ɗan Fagge: Ka fara ko? Kowa ya san Dawakin Kudu ce uwa. Ku a gasar kacici-kacici kullum bayanmu kuke.

Injiniya (shugaban zaure): Kawo hujja.

Ɗan Fagge: Tambayi duk wanda ya yi zamanin. Hujja ta wuce wannan?

Malamin Tarihi: Kun ga abin da nake faɗa. Ku biyun tarihi kuke yi yanzu, kuma ba ku iya ba.

Oga Sola: Ni ban yi ko ɗaya cikinsu ba, tekanikal na yi, na rubuta NABTEB, jarrabawar kammala makarantun koyon sana'a, kuma da ita na shiga foli. Mutane ba su san takardar nan ana karɓarta kamar WAEC da NECO ba. Alhaji, akwai kwalejojin fasaha na gwamnati a cikin gari da Ungogo da Wudil da Bagauda, ana koyar da wayarin wutar lantarki da gini da kafinta da gyaran mota. Ita kanta gwamnatin tarayya a sabuwar manhajar 2025 ta sa haɗa sola da gyaran waya da ɗinki a cikin sana'o'in da ɗalibi zai zaɓa. Lebura ne zai haɗa maka faranti takwas da inbata a kan rufi ba tare da ya ƙona maka gida ba?

Maman Ummi: Tunda ka taɓo inbata, Oga, tamu da ka haɗa ko isha'i ba ta kaiwa. Ina kira ba ka ɗauka.

Oga Sola: Hajiya, na gaya miki batir biyu ba sa ɗaukar firiza da dutsen guga. Kuma cikon kuɗina bai shigo ba.

Maman Ummi: A gaban mutane za ka yi min maganar ciko?

Barista: In kina son shigar da ƙara, Hajiya, ga mai surutu nan.

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa shawara na zo nema. Yanzu canja masa makaranta zan yi, ko in koma in roƙi shugaban makarantar?

Malamin Tarihi: Ka janye kalmar tukuna, Alhaji, sai a ba ka shawara.

Ɗan Fagge: Ni ma Injiniya bai amsa min maganar Dawakin Kudu ba.

Injiniya (shugaban zaure): To, ya isa haka, lokacin sallah ya yi. Ga abin da aka cimma. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa ɓangaren kimiyya da fasaha shi ne mafita ga yaranmu, kuma Oga Sola ya kawo bayani mai gamsarwa kan NABTEB. Malam ya tuna mana wasu shekaru, mun gode, amma bai nuna mana aikin da Tarihi ke samar wa yaro ba. Barista ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, muna jiran ya ba masu sana'a haƙuri. Kalmar Alhaji kuwa ta ɓacin rai ce, uba ne, a yi masa uzuri. Maganar Dawakin Kudu ba a kawo hujja ba, don haka ta faɗi. Hajiya da Oga su ƙarasa tasu a gefe. Alhaji, ka same ni gobe bayan la'asar da sakamakon yaron, mu duba yadda za a nema masa tekanikal. Na rufe wannan batu.