Regex kaɗai na isa a gyara fayilolin HTML da sunka lalace?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan maganata, regex (dabarar neman rubutu mai wani tsari a musanya shi) kaɗai na isa a gyara fayilolin HTML, wato shafukan intanet. Fayil wajen 400 anka ba ni na wata makaranta, da Word anka yi su, tag ɗin p (alamar sakin layi a HTML) a buɗe ba rufewa, font cikin font, layi goma na rubuta a Python na share su tas.

Malama ta Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka buɗe su duka ka duba? Regex bai ƙirga wane tag ya buɗe wane ya rufe, in tebur na cikin tebur ko ya gamu da alamar > cikin script sai shi cinye maka rabin shafi kuma shiru ba shi gaya maka. Ni ya yi mani haka, sakamakon aji guda ya ɓace sai da iyaye sunka kira.

Na Runjin Sambo: Gaskiyar Malama. Don wanga aiki Dave Raggett na W3C (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet) ya rubuta manhajar HTML Tidy tun 1998, har zaɓin word-2000 gare shi na dattin Word. Amma ka aje kwafi kafin ka sa zaɓin -m, kan fayil ɗin yake rubutawa.

Ɗan Mabera: Yaya, na gwada Tidy fa, da ya ga tag da bai sani ba sai shi tsaya wai sai na sa force-output, zaɓin da ke tilasta shi ya fitar da fayil

Malama ta Arkilla: To ai gara wanda ya tsaya ya gaya maka. In ba ka son shi ɗauki BeautifulSoup ka haɗa da html5lib, kayan aikin Python ne na karanta HTML, html5lib yana karanta fayil da ƙa'idar HTML5 kamar yadda burauza ke yi, sai dai nawa gare shi, takwaransa lxml ya fi shi sauri.

Na Runjin Sambo: Kuma duba haruffanmu tukuna, in ka ga ƙ ta koma Æ™ to tsarin haruffa na UTF-8 ne anka karanta da tsarin Windows-1252, wannan kafin komi ake gyara shi.

Ɗan Mabera: Na buɗe guda 20 yanzu, biyu jadawalinsu ya tarwatse wallahi. Zan sake da html5lib daga kwafin asali. Amma share dattin nan na Word mai farawa da mso- cikin style, Malama, da regex zan yi shi, nan ban sauka ba.

Malama ta Arkilla: Bayan ka ciro style ɗin da BeautifulSoup, na yarda. Turo mani biyun nan in gani.