Lissafi uku, babu wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa: ina neman shawara

Mai sito a Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna sarin shinkafa, sukari da sabulu. Babban sito yana Garwa, da rassa a Marwa da Kusiri, duk a arewacin Kamaru. Kayanmu daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundare, manyan motoci su ƙaraso da su. Farkon shekara ni da ɗana muke tsara kasafi a Excel. Yaran sito suna shigar da kaya a Odoo, manhajar kula da kaya da ciniki, akanta kuma yana nasa aikin a Sage, manhajar lissafin kuɗi, saboda haraji. Wata ya ƙare, takarda uku, lamba uku. Ga banki sun nemi rahoto kafin su ƙara mana bashi. In sayi babbar manhaja guda in watsar da sauran ne?

Akanta daga Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kar ka yi saurin fitar da kuɗi. Fara da kayan da ke kan hanya. Takardar kuɗin kaya tana isowa daga Duwala, akanta ya rubuta saye a asusu 601, asusun sayen kayan sayarwa, alhali buhunan suna cikin tarago ko a bayan mota kafin Garwa. Mai sito ba zai shigar da abin da idonsa bai gani ba, kuma da gaskiyarsa. Tsarin lissafin akanta na SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, yana da asusu 38 musamman don kayan da ba su iso ba. A ware su can, za ka ga giɓin ya ragu sosai.

Sai maganar ƙima. Odoo, in ba a taɓa saitinsa ba, da tsayayyen farashi ɗaya yake ƙimanta kaya. Akantanka wataƙila da matsakaicin farashi yake aiki. Buhu ɗaya, kuɗi biyu, musamman yanzu da kuɗin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ɗan kwamfuta, Injamena: Baba Alhaji, ni sunayen kaya nake zargi. Na taɓa buɗe lissafin wani ɗan kasuwa, shinkafa iri ɗaya an rubuta ta "RIZ 50" a sito, "shinkafa babba" a kasafi, akanta kuma ya cusa ta cikin "kayan abinci". Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne. Kowane kaya ya sami lamba guda, kowane reshe ma haka, kuma mutum ɗaya kaɗai ke da ikon ƙirƙirar sabuwa.

Bayan haka bayanai su bi hanya ɗaya, kamar ruwa a kwata. Saye da sayarwa daga Odoo suke fitowa, a tura su Sage, daga nan ainihin lambobin su shiga Excel a gefen abin da kuka tsara. Excel karɓa kawai yake yi, ba a gyara komai a cikinsa a mayar baya. A kuma duba ko kasafinku ya haɗa da TVA, wato harajin da ake ɗora wa farashin kaya. A Kamaru 19.25 ne cikin ɗari. In kasafi da haraji a ciki, rahoto kuma babu, kayan da TVA ta hau kansu ba za su taɓa daidaita ba.

Hajiya mai shago, Kusiri: Duk wannan daidai ne, amma ku zo ku ga yadda ake aiki a nan. Intanet ya ɗauke, yaro ya rubuta ciniki a littafi, sai ya sami sarari ya shigar, har cinikin ƙarshen wata ya faɗa cikin sabon wata. Wani abokin ciniki kuma ya biya ta Orange Money a wayar yaron shago. Alhaji, ka buɗe wa kowane reshe layin kamfani, ka kuma sa ranar rufe wata wadda bayanta ba mai taɓa lissafi.

Mai sito a Garwa: Allah Ya saka da alheri. To bankin fa, wanne zan kai musu?

Akanta daga Marwa: Na akanta, Alhaji, don shi ne zai yi daidai da DSF, wato rahoton kuɗi da haraji da kuke kai wa ofishin haraji duk shekara, kuma banki za su gwada su. Amma kafin nan a ƙirga buhunan da hannu a sito ukun rana ɗaya, a haɗa da takardun motocin da ke hanya.