Malafar Panama: yadda ake zaɓenta a Ekwado, da yadda za ta kwana lafiya a otal

Malamin Gona ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni taka Kudancin Amurka. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan tafi ƙasar Ekwado wani taro na kwana goma kan noman koko, wanda za a buɗe a Guwayakil sannan a zarce da mu Kito, kuma ina da niyyar ƙara kwana biyu da kuɗin aljihuna in leƙa Kuwenka. Tun da na ji cewa malafar nan da Turawa ke kira ta Panama a can ake saƙa ta, na ƙudurta ba zan dawo ba sai da guda biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta surukina, wanda dattijo ne da ba ya fita sai da babbar riga. Yaya zan bambance ta ƙwarai da ta bogi? Kuma tunda otal uku zan kwana kafin in hau jirgin dawowa, wace dabara ake yi don kada ta iso gida a murƙushe? Ni ma'abocin kaftani ne, saboda haka ina so in ji ko za ta zauna da shi, ko kuwa sai na koma sa kwat.

Tsohon Matafiyi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya. Na je ƙasar sau biyu, kuma abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne kada ka yawaita kiranta da sunan Panama a gaban masu saƙar, domin su da sunan ganyen da ake yinta da shi suke kiranta, wato tokiya. Sunan Panama ya biyo ta ne saboda ta yankin Panama aka riƙa fitar da ita zuwa kasuwannin duniya a ƙarni na 19, sannan hoton shugaban Amurka Theodore Roosevelt sanye da irinta, lokacin da ya je duba aikin haƙa mashigin ruwan Panama a 1906, ya ƙara manna mata sunan. A 2012 hukumar UNESCO ta sa wannan saƙa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, kuma da sunan Ekwado aka rubuta ta.

Tsiron tokiya kama yake da kaba ga wanda ya hango shi, amma ba dangin goriba ba ne. Ana yanke ganyen tun yana ɗanye bai buɗe ba, a tsattsage shi sili-sili, a dafa, a shanya, sannan a turara shi da hayaƙin farar wuta don ya yi haske. Daga tsakiyar ƙoƙon malafar ake fara saƙa, a riƙa zagayawa har a kai baki, kuma nan ne sirrin ganewa yake. Ka juya ta ka dubi tsakiyar ƙoƙon. In ta hannu ce za ka ga wani ɗan kulli kamar fure inda silin suka taso, in kuwa ka ɗaga ta wajen haske za ka ga zobba-zobba a jere, shaidar wuraren da masaƙi ya ƙara sababbin sili. Waɗanda ake yi da takardar da aka murɗa a inji sumul suke, babu tangarɗa ko ɗaya, kuma wannan rashin aibin shi ke tona musu asiri. Daga nan sai ka ƙirga yawan sili a cikin inci guda, domin iya sirantarsu da matsewarsu iya tsadar malafar. Mafi laushi daga yankin Montekristi suke fitowa, can wajen gaɓar teku, inda masaƙi ke sunkuyawa ya ɗora ƙirjinsa bisa wani gungumen katako ya yi watanni kan malafa guda, yana aiki da sassafe ko da maraice lokacin da iska ke da laima, don kada silin su bushe su karye a hannunsa. Kuwenka kuwa ita ce cibiyar yawa, kuma tunda za ka je can, ka haƙura kada ka saya a Guwayakil ko a filin jirgi.

Da dalar Amurka ake ciniki a ƙasar tun shekarar 2000, don haka ka tanadi ƙananan takardu, masu shago ba sa son ta ɗari. Ni na ga ta dala ashirin da ɗoriya, na kuma ga wadda aka ce mini ɗaruruwa. Shawarata ka tsaya a matsakaiciya. Mai tsananin laushin nan ta masu ajiyewa ce a nuna wa baƙi, ba ta mutumin da zai shiga harmatan da ita ba.

Telan Fagge ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, ni ban je Ekwado ba, amma shekarata talatin ina ɗinka wa maza kaya, kuma maganar surukinka ce ta tsaya mini a rai. Babbar riga tana da faɗi da nauyin aiki a ƙirji, abin da take buƙata a samanta shi ne hula mai tsayuwa, kamar zanna bukar ko dara, ko kuma rawani. Malafarmu ta kaba da hakimai ke ɗorawa bisa rawani ranar hawan salla, wadda ake yi wa adon fata da gashin jimina, tana zama ne saboda girmanta ya yi daidai da girman rigar. Wannan ta Turawa kuwa bakinta bai fi faɗin tafin hannu ba, ga baƙin ƙyalle a kewaye, in ka ɗora ta kan shadda mai malum-malum sai dattijo ya koma kamar wanda ya ari kan wani. Ina tsoron zai karɓa ya yi godiya, sannan ta ƙare a saman kabad. In dai dole sai ka kawo masa, ka nemi mai faɗin baki wadda zai sa in za shi gona ko duba gini, kuma ka auna kansa da tef kafin ka tafi, domin da santimita ake sayar da ita. Yawancin manya tsakanin 56 ne da 60.

Kai kuwa za ta karɓe ka, da sharaɗin kaftanin ya zama gajere, iya gwiwa, na yadi mara sheƙi, auduga ko lilin, mai ɗan aiki kaɗan a wuya. Fari, ruwan madara, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu duk suna tafiya da ita. Ba sai ka koma kwat ba. Sai dai ka riƙe hula mai naɗewa a aljihu kullum, saboda dalili biyu. Bakin malafa ba ya barin goshi ya taɓa ƙasa a sujada, sannan a al'adar mutanen can ana cire irin wannan malafa in an shiga ɗakin taro ko an zauna cin abinci, alhali mu zama da kai a buɗe cikin manya abu ne da ba mu saba da shi ba.

Ɗan Zongo ya amsa:

Yayana, ni ɗan Kumasi ne, kuma aikin otal nake yi a Sifaniya, inda duk bazara baƙi ke cika mu da irin waɗannan malafu, don haka bari in yi magana kan ɗaki. A iya abin da na gani, ba jirgi ke kashe malafa ba, hannun mai ita ne da wurin da ya ajiye ta. Kowa in zai cire ta sai ya tsunkuli gaban ƙoƙon da yatsu uku, kuma daidai wurin ne take fara tsagewa, tsagar da ke da wuyar gyarawa. Ka saba da kama ta ta baki da hannu biyu. In za ka ajiye, ka juya ta ƙoƙon ya zauna a ƙasa bakin yana kallon sama, domin in ta kwana kife a kan tebur bakin zai baje ya rasa lanƙwasarsa. Wurin da ya fi dacewa shi ne kantar sama ta cikin kabad, ba kan gado ba, ba kan kujera ba, saboda mai gyaran ɗaki yana da ɗakuna da yawa a gabansa, kuma zai tattara duk abin da ya samu a kan shimfiɗa ya tara wuri guda.

Ni kaina na yi asarar ta farko da na saya. Na bar ta a bakin taga a wani masauki, rana na dukanta ta gilashi, iyakwandishan na hura ta daga sama, kwana uku. Da na ɗauka na ɗan matsa ta, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Garuruwan da za ka je ma halinsu ya bambanta. Guwayakil zafi ne da laima, can gumi ne abin tsoro, don haka kada ka rufe ta cikin leda tana da danshi, fumfuna za ta kama ta. Kito tana kan tsauni, kimanin mita 2,850, Kuwenka kuma kimanin mita 2,500, iskarsu busasshiya ce, ranarsu na ƙuna ko da kana jin sanyi, sannan ruwan sama na iya saukowa da rana tsaka ba sallama. Wannan malafa ta inuwa ce, ba ta ruwa ba. In ta ɗan lotsa, ka kunna ruwan zafi a banɗaki har tururi ya cika, ka rataye ta ciki na ɗan lokaci ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, sannan ka daidaita ta da tafin hannu ka bar ta ta sha iska. Kada ka kusanto da dutsen guga kanta kai tsaye.

Tunda na ambaci guga, wutar lantarkin ƙasar mai ƙarfin 120 ce, ba 230 irin ta Najeriya da Gana ba, kuma ramin soket ɗinsu irin na Amurka ne, saboda haka dutsen gugar da ka ɗauko daga gida ɗumi kawai zai yi. Ka nemi na otal a teburin karɓar baƙi. Kuma kada ka ba masu wankin otal shadda. Da guda-guda suke lissafi, ba su san bugu ba, za su dawo maka da ita ta mutu.

Malamin Gona ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Malam Tela ta shige ni, surukina zan nemo masa mai faɗin baki, kuma na riga na sa an auno kansa, 58 ne. Saura abu guda. Na ji an ce ana naɗe ta kamar tabarma a sa cikin ɗan akwatin katako. Shin in yi haka da duka biyun?

Tsohon Matafiyi ya amsa:

Gaskiya ne suna sayar da ita cikin ɗan dogon akwati na wani katako mara nauyi da ake kira balsa, kuma mai shago zai naɗe ta a gabanka cikin ƙiftawar ido don ya burge ka. Amma wadda ake naɗewa ita ce mai laushi da ba a sa wa bakinta sitaci ba, kuma ko ita bai kamata ta wuce kwana ɗaya ko biyu a naɗe ba, alhali tafiyarka daga Kuwenka zuwa Kano, da sauyin jirage a Turai, za ta kusa cinye wannan wa'adi. Mai faɗin bakin nan ta surukinka kada ka yarda a naɗe ta sam. Ka sa Kuwenka ta zama zangonka na ƙarshe, ka saya ana gobe za ka taso. Ranar tafiya ka ɗora taka a kai, ta dattijo kuma ka cusa safa da singileti cikin ƙoƙonta har ya cika, ka kwantar da ita tsakiyar jakar hannu, ka kewaye bakin da kaftanai a naɗe. A cikin jirgi kada ka sa taka a ma'ajiyar saman kujera tun da wuri, domin wanda ya shigo bayanka zai danna akwatinsa a kanta; ka riƙe ta a cinya har sai kowa ya gama loda kayansa, sannan ka ɗora ta a saman naka.