Daga Maraɗi zuwa Jidda: tashi ta Kano ko ta Yamai?

Ɗan Unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ina shirin raka mahaifiyata Umra, kuma shekarunta sun ja, ba ta jure dogon zama saboda ciwon gwiwa. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su bayyana mini nisan da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, da awannin da jirgi yake yi, sannan su kwatanta mini da tashi daga filin Diori Hamani na Yamai.

Malamin makaranta, Tibiri:
Wa alaikumus salam, Allah ya karɓi ibadar Hajiya. Idan aka ja layi miƙaƙƙe, daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, daga Yamai kuwa kimanin 4,000, domin Yamai tana yamma da mu alhali Jidda tana gabas. Jirgin fasinja yana gudun kusan kilomita 850 a awa guda bayan ya daidaita a sama, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, na Kano zai ci awa huɗu da rabi ko makamancin haka, na Yamai kuma awa biyar da ɗoriya. Sai dai wannan lissafi na hanyar da ta ratsa Chadi da Sudan ne, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa kewayewa, tafiyar ta ƙaru sosai. Ka tambayi kamfanin hanyar da suke bi a yanzu.

Ka kuma lura cewa agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti na can ne. Wanda ya tashi ƙarfe goma ya ga an rubuta sauka ƙarfe huɗu da rabi, awa huɗu da rabi zai yi a sama, ba shida da rabi ba.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Ɗana, bayanin Malam daidai ne, amma wahalar tsohuwa a ƙasa take, ba a sama ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma yini guda ne cur a cikin mota. Ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina kuwa, Kano ba ta kai rabin haka ba, ko da yake akwai tsayawar iyaka da binciken takardu, kuma wajibi ne a bi hanyar da rana bayan an tambayi halin tsaro. Abin da na fi jiye mata shi ne tikitin da ke yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira, inda mutum zai shafe awanni a kan kujerar jira cikin sanyin na'ura, ƙafafu suna kumbura. Ko da ya fi araha, kada ka saya mata shi muddin akwai na kai tsaye.

Alhaji Ɗan Gulbi:
Ka nemi a rubuta mata keken guragu tun wajen sayen tikiti, domin tafiyar ƙafa a filin Jidda tana da tsawo. Haraminka kuma ya kasance a jakar hannu, tun da a cikin jirgi za a sanar da isowa miƙati.

Ɗan Unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara neman na kai tsaye daga Kano, mu kwana a can ta huta kafin ranar tashi.