Furen kwarkwata zai yi a Zariya kuwa?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya turo min hoton wani furen daji, Pedicularis canadensis, wai ana ce masa furen kwarkwata. Ganyensa a tsattsage kamar gashin kaza, furen rawaya, wani kuma ja-ja. Wai duk shekara daga tushe yake sake tohowa. Ina da tukwane uku a gindin mangwaron tsakar gidanmu. Zai yi a nan?

Malamar Samaru: Wa'alaikumus salam. Malam, ɗan'uwan ƙuduji (wuta-wuta) ne fa, danginsu ɗaya, Orobanchaceae. Ganyensa kore ne, yana haɗa abincinsa, amma saiwarsa kan lallaɓa ta manne wa saiwar ciyawar da ke kusa, tana zuƙe ruwa da sinadarai. Ka ajiye shi shi kaɗai a tukunya, tsumburewa zai yi. Babbar matsalar ma sanyi ce. Sai irin ya yi makonni cikin sanyi mai danshi kafin ya tsiro, hunturunmu kuwa busasshe ne ƙayau. Ko ka yi dabarar firji ya fito, zafin Afrilu na jiransa.

Manomin Shika: Ɗan'uwan ƙuduji? Tabɗi! Bara wuta-wuta ta bar min dawa ko ƙugu ba ta kai ba. Don Allah ɗana, ka shuka lalle.

Ɗan Tudun Wada: Na ji, Baba. To Malama, ina ruwansa da kwarkwata?

Malamar Samaru: Camfin Turawan da ne, wai dabbar da ta ci shi kwarkwata za ta kama ta. Sunan Pedicularis ɗin ma daga pediculus ya fito, wato kwarkwata da Latin.